Darasi na Bakwai: Saƙon Imel da Ya Zo da Sunan Wani

Duk wanda ya buɗe adireshin imel, ba ya daɗewa sai ya fara ganin saƙonnin da bai san masu su ba. Wani lokaci ma saƙon ba da sunansa zai zo ba. A layin da aka rubuta "To", wato wanda aka aika wa, sai ya tarar da adireshin wani mutum dabam, ko ya ga wurin wayam. Mutane da yawa sukan ɗauka kuskure aka yi, har tausayi ya sa su mayar da amsa: "Malam, ka yi ɓatan kai, ba ni kake nema ba." To wannan amsar ce mai saƙon yake jira.

Ambulan dabam, takarda dabam

Ku tuna wasiƙar gidan waya. Akwai adireshin da ke bayan ambulan, akwai kuma gaisuwar da ke saman takardar ciki. Ma'aikacin gidan waya ambulan kaɗai yake dubawa. Ko da takardar ta ce "Zuwa ga Hajiya Talatu", muddin lambar akwatinku ce a bayan ambulan, cikin akwatinku za a jefa ta.

Imel ma haka yake tafiya. Ƙa'idar aika shi ana ce mata SMTP, kuma wani masani a Amurka, Jon Postel, ya rubuta ta a 1982. Bisa wannan ƙa'ida, kwamfutar mai aikawa takan fara gaya wa kwamfutar da za ta karɓa adireshin da za a kai saƙon, sannan ta miƙa saƙon kansa. Wancan adireshin na farko shi ne na bayan ambulan, kuma ba a nuna muku shi a fuskar waya. Layin "To" da kuke gani yana jikin takardar ne, mai aikawa na iya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Haka ma layin "From", wanda ke nuna daga inda saƙo ya fito. A wancan zamani yawancin masu amfani da imel malaman jami'a ne da masu bincike, an yarda da juna, shi ya sa ba a yi tanadin maƙaryaci ba.

Akwai kuma wani gurbi da ake kira "Bcc", wato ɓoyayyen kwafi. Duk adireshin da aka sa a nan zai sami saƙon, amma sauran masu karɓa ba za su gan shi ba. Abu ne mai amfani. Sakataren ƙungiyar manoma zai iya sanar da mambobi ranar taro ba tare da ya tona adireshin kowa ba. 'Yan damfara kuwa takarda ɗaya suke rubutawa, su aika wa dubban mutane lokaci guda, ba su da lokacin sauya suna a kowace. Saboda haka idan saƙo ya shigo akwatinku, ku tabbata adireshinku yana hannun mai aikawa, ko sunan wa kuka gani a sama.

Ina suka samu adireshin?

Wasu tsinta suke yi a shafukan da mutane ke barin adireshinsu a fili, irin su Facebook. Wasu saye suke yi daga ɓarayin intanet: a 2013 an yi wa kamfanin Yahoo kutse, abin ya shafi asusu biliyan 3. Wasu kuma canke kawai suke yi. Na'ura ce ke haɗa sunayen da suka yi yawa, kamar Musa ko A'isha, da lambobi, ta yi ta aikawa. Ba ta san wanne ne ke da mutum a bayansa ba. Ranar da kuka amsa, ko kuka taɓa mahaɗin da ke cikin saƙon, wato "link" ɗin da ke kai ku wani shafi, ranar kuka shaida mata cewa akwai mai karantawa, sai saƙonnin su ƙaru.

Ba kowane saƙo ne na mugunta ba. Wani mai suna irin naku kan iya yin tuntuɓen harafi wajen cike fom, sai rasidinsa ya riƙa zuwa muku. Masu Gmail kuma su sani ɗigo ba ya raba adireshi: audu.tela da audutela akwati ɗaya ne, don haka saƙo mai ɗigo ko marar ɗigo duk naku ne.

Abin yi

Kada ku amsa, kada ku buɗe takardar da aka maƙalo, kada ku kira lambar da aka bayar. Ku danna "Report spam", saƙon zai koma akwatin "Spam", inda ake tara saƙonnin banza, Gmail kuma zai ƙara gane irinsa.

Ku ninka hattara idan saƙon na maganar kuɗi ne, musamman wanda ke cewa an turo wa wani gado ko kyauta, ya faɗo hannunku bisa kuskure. Sunan wani da kuka gani a sama shi ne tarkon, so ake ku ji kamar kun yi tsintuwa. Daga nan sai a ce ku biya ɗan kuɗin fito da kaya. Wannan ita ce damfarar da ake kira 419, daga lambar sashen dokar laifuffuka ta Najeriya da ya haramta ta, kuma hukumar EFCC ce ke bin masu yin ta. Bankinku ba zai taɓa neman lambar sirrin katin ATM ko lambar OTP, wadda ake turo muku a waya don tabbatar da ciniki, ta imel ba. In hankalinku bai kwanta ba, ku taka da ƙafarku zuwa reshen banki ku tambaya.

Aikin aji

Kowa ya buɗe Gmail a wayarsa, ya shiga akwatin "Spam", ya zaɓi saƙo ɗaya. A ƙarƙashin sunan mai aikawa akwai 'yar ƙaramar kibiya. Ku taɓa ta, ku kwafi abin da ke layin "From" da layin "To" a littafinku, harafi bayan harafi. Sannan ku karanta wa na kusa da ku, ku gaya masa ko adireshinku ne a wurin ko na wani. Wanda ba shi da waya ya zauna da mai ita.