Yadda ake haɗa taima wa injin siwimin ful mai gudu biyu, da gano matsala in ta taso

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar wuta. Satin da ya wuce aka kira ni wani gida can GRA wai injin ful ɗinsu ya yi hayaƙi, ina buɗe bodin na ga abin da na saba gani, wanda ya haɗa ya sa taima biyu, wato agogon da ke kunna wuta da kashewa da kansa, ɗaya na ba babban gudu wuta ɗaya na ba ƙarami, kowanne zaman kansa yake, ranar da lokutansu suka haɗu sai koyil ya ƙone. Wallahi abin ya dame ni don injin nan ba arha ba ne kuma laifin ba nashi ba ne.

Toh ga dokar da duk aikin ya rataya a kanta: kada bakin babban gudu (H) da na ƙaramin gudu (L) su taɓa samun wuta lokaci guda, ko na daƙiƙa ɗaya.

In ka buɗe bayan injin za ka ga baki huɗu, C ko COM wanda shi ne na tarayya, H babban gudu, L ƙaramin gudu, sai kusar atin. A wutarmu ta bolt 230 mai 50Hz babban gudun kusan juyi 2,850 ne a minti, ƙaramin kuma rabinsa. Amfanin ƙaramin shi ne ruwan da yake turawa ya ragu da rabi amma wutar da yake ci a lissafi ta sauko wajen kashi ɗaya bisa takwas, a aikace bai kai haka daidai ba amma duk mai mita ko mai sayen dizal zai ji bambancin a aljihunsa.

Kafin komai kashe bireka, ka sa testa ka tabbatar, kuma ka sauke cajin kafasita don tana riƙe wuta ko an kashe. Wuta ta fito daga bireka ta bi ta RCD mai 30mA, wato na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa ƙasa ko jikin mutum, wannan ba na ado ba ne, yara ne za su shiga ruwan nan. Atin ma a kafa shi da gaske, koriya mai ratsin ɗorawa har jikin injin.

Sai haɗin. Nutural, wato shuɗiyar waya, ta tafi C na injin. Taima ta farko aikinta kunnawa da kashewa kawai. Taima ta biyu kuma canjoba ce, dole ta zama mai baki uku, COM na tarayya, NO wanda ke buɗe sai taimar ta shiga, da NC wanda ke haɗe sai taimar ta shiga. Laif ɗin da ya fito daga ta farko shi zai shiga COM na ta biyu, NC ya nufi ɓangaren L, NO ya nufi ɓangaren H. Kaga ƙofa ɗaya ce mai hanya biyu, in ta buɗe nan ta rufe can, ba yadda za a yi su haɗu. Ni dai bana barin taimar ta ɗauki nauyin injin kai tsaye ko da an rubuta 16A a jikinta, wutar da motar injin ke ja a tashin farko ta ninka wadda ke rubuce a jikin injin sau da yawa kuma bakin da ke cikin taimar yana narkewa ya manne. Ina sa kontakta biyu, wato manyan makunnai masu ɗaukar nauyin injin, ɗaya ta H ɗaya ta L, taima ta tada koyil ɗinsu kawai, sannan wayar koyil ɗin kowacce ta ratsa ta ƙaramin bakin NC na 'yar uwarta, in ɗaya ta manne ɗayar ba za ta shiga ba. Duk kayan nan ana samu a Sabon Gari.

Wani kuskure da yaran shago ke yawan yi, su ɗauko wutar agogon taima ta biyu daga fitar ta farko. Da injin ya mutu agogon ma ya tsaya, washegari lokaci ya birkice. Agogon duka biyun daga bireka za su sha kai tsaye.

Saitin lokaci, misali ta farko ta kunna 6 na safe ta kashe 6 na yamma, ta biyu ka sa ta shiga 5:55 ta fita 8:00, wato injin ya tashi da babban gudu ya ja ruwa ya kori iska tukuna sannan ya koma ƙarami. Wanke filta da share ƙasan ful duk da babban gudu ake yi.

Yanzu maganar da na fi so a ji. Masu gida kan yo odar taimar Intermatic daga Amurka, T104 ta kunnawa da T106 ta canja gudu, kaya ne masu ƙarko ba musu, amma agogonsu an yi shi ne don 60Hz. A tamu 50Hz duk awa ɗaya zai yi baya da minti 10, a yini guda awa 4 kenan, ka zo ka yi ta ɗaure 'yan ƙarafan kunnawa da kashewa na jikin faifan kana zaton su suka kwance alhali ba su ba ne. Ga shi duk sanda aka ɗauke wuta faifan ya tsaya cak, mu kuwa nan Zariya mun san yadda abin yake. Sayi dijital mai batir a ciki, 50Hz, shikenan ka huta.

In matsala ta zo bi ta a hankali. Babban gudu na yi ƙarami ba ya yi, ko akasin haka? Danna manuwal na taima ta biyu ka auna da mita tsakanin C da H, sannan C da L, wuta ta kasance a ɗaya kawai. In wutar na isa amma injin shiru, cire wayoyin ka auna koyil ɗin, bisa al'ada C zuwa H ya fi ƙarancin om a kan C zuwa L, wanda bai karanta komai ba ya yanke ko ɗan makunnin cikin injin ya lalace. In yana gurnani bai juya ba kashe nan take, ko kafasita ce ta mutu, ko fankar ciki ta cije da datti, ko wuta ce ta zo ba ƙarfi, shi ya sa nake ƙara na'urar nan mai yanke wuta in ta yi ƙasa ko sama ta kuma jinkirta dawowa. RCD na faɗuwa kuwa kar ka kuskura ka tsallake shi da waya, nemi inda ruwa ya shiga, yawanci sil, wato abin da ke hana ruwa bin sandar injin, ne ke ɗiga cikin mota.

Sai wannan, in an dawo da wuta da rana tsaka injin da ƙaramin gudu zai tashi, in ruwan bututu ya riga ya koma ba zai iya ja ba, sai ya yi ta juyi a bushe har sil ya ƙone. Sa bawul mai hana ruwa komawa a bututun shiga, ko ƙaramin rile na jinkiri da zai ba shi babban gudu na minti biyar duk tashi. Da hunturu kuma ƙura da ganye na toshe kwandon tace datti da ke gaban injin da wuri, ƙaramin gudu shi ke fara gazawa, sai maigida ya kira ka yace Malam taimarka ta lalace. Buɗe kwandon tukuna kafin ka taɓa waya ko ɗaya.