Idan Likita Ya Ce Ku Koma Gida Da Shi: Yadda Ake Jinyar Ƙarshe A Ɗaki

Ranar da likita ya ja mu gefe ni da Yaya ya ce ciwon dajin maman da ke jikin Inna ya riga ya shiga ƙashi, babu aiki ko allurar da za ta tsayar da shi, gara mu koma gida da ita, abin da kunnenmu ya ji kawai shi ne an gama. Muka tattara kwanuka da filas da tabarma muka sa ta a mota muka dawo unguwarmu Jekadafari a Gombe, ba wanda ya tambayi komai, kowa na ɓoye hawayensa. To ashe a ranar aikin ya soma. Wata biyar muka yi muna jinyarta a ɗakinta, kuma yawancin abin da zan faɗa muku a wahale muka koye shi, wani ma sai da ta sha azabar da bai kamata ta sha ba.

A wasu ƙasashe wannan zangon yana da tsarinsa, suna ce masa hosfis, wato kula da wanda ciwonsa ba na warkewa ba ne don ya ƙarasa kwanansa babu raɗaɗi kuma da mutuncinsa. Wata likita Cicely Saunders ce ta buɗe na farko irin na zamani a Landan a 1967, a 1993 kuma Dakta Anne Merriman ta soma shi a Yuganda, inda nas-nas ke bin marasa lafiya gida-gida da maganin ciwo. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa a 2007. Mu nan kuwa yawanci hosfis ɗin shi ne ɗakin tsohuwa, ma'aikatan kuma mu ne, 'ya'ya da surukai da jikoki, ba wanda ya taɓa koya mana.

Saboda haka kada ku fita daga asibiti irin fitar da muka yi. Ku share hawaye ku tsaya ku tambaya, da biro da takarda a hannu: wane magani za a ci gaba da shi, wanne za a bari, idan ciwo ya tashi cikin dare me za a ƙara, wane alama ne idan an gani sai an dawo da shi, wa za a kira. Ku roƙi lambar wayar likita ko nas ɗaya. Ku ce nas ta nuna muku wankin gyambo da hannunta kuna kallo, sannan ku yi tana kallo. Katin asibiti kuma a adana shi, sallama ba ta rufe fayil.

Maganar ciwo ita ce babba, a nan zan daɗe. Mu da fari sai Inna ta fara nishi tana damƙe gefen katifa sannan mu ba ta magani, gani muke kada ya yi mata yawa, kuma ita irin matan nan ne masu kunya da dauriya, ko ka tambaye ta sai ta ce da sauƙi alhamdulillah. Wata nas mai ritaya a unguwarmu ce ta zo dubiya ta ga haka ta yi mana faɗa sosai, ta ce ciwo irin wannan ba ya tafiya balle a jira ya dawo, da agogo ake ba da maganinsa, ko yana ciwo ko ba ya yi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara abin hawa uku: a fara da irin su farasitamol, idan bai riƙe ba a hau zuwa irin su kodin ko tiramadol, idan ya fi ƙarfinsu sai mofin. Mofin na ruwa da baki ake sha, yawanci duk bayan awa 4, ana auna shi da sirinji marar allura daidai yadda likita ya rubuta, ba da cokali ba kuma ba da ƙiyasi ba. Ba a samunsa a kemis na bakin titi, sai da takardar likita a babban asibiti, ku fara tambaya a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) idan a Bauchi kuke.

Za ku ji surutu kala-kala. Wani kawu zai ce ai maganin 'yan ƙwaya ne, wata goggo ta ce shi ke gaggauta mutuwa. Wallahi ranar da aka daidaita wa Inna shi ita ce ranar farko cikin makonni da ta yi barci har asuba ta tashi ta nemi kunu ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Idan likita ne ya auna shi daidai da ciwon, ba ya rage kwana. Abin da yake yi tabbas shi ne ɗaure ciki, don haka tun ranar farko ku nemi a haɗa muku da maganin sassauta bayan gida, kada a jira kwana huɗu. Kwanakin farko zai iya kawo gyangyaɗi da tashin zuciya, yakan wuce. Amma idan bayan an sha kun ga numfashi ya yi ƙasa sosai kuma ba a iya tashinsa, kada a ƙara, a kira likita. Ku sami littafi ɗan kwabo ku riƙa rubuta lokacin da aka ba da kowane magani da sunan wanda ya bayar, don gidan yawa sai a ba shi sau biyu ko a tsallake. Kuma a kulle shi a durowa, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, mun san halin da samari ke ciki, ba banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba. Su diklofenak da ibuprofen da ake saya barkatai kuwa kada a ƙara su sai an tambaya, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Sai kuma wa zai yi jinyar. Nan ne gidaje da yawa ke rushewa a ɓoye. An saba sai a duba wacce ba ta da miji, ko matar ɗan da ke zaune a gidan, a jibga mata komai, sauran su riƙa bugo waya suna ya mai jiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun makon farko babba a gidan ya tara kowa, na Abuja da na Kano a sa su a waya, a faɗi gaskiyar abin da likita ya ce, a raba kwana: wa ke dare, wa ke rana, wa ke karɓo magani, wa ke wanki, wa ke girki. Mu guruf muka buɗe a WhatsApp na 'ya'yanta kaɗai, kuɗin karo-karo a hannun mutum ɗaya, duk abin da aka saya a ɗauki hoton rasit a tura, wannan kaɗai ya kashe zargi da yawa. Maza kuma don Allah, tura kuɗi alheri ne amma ba shi ke nan ba. Idan Baba ne a kwance ku ya kamata ku yi masa wanka da tsarki, zai fi sakewa da ɗansa a kan 'yarsa. Idan Inna ce ku zo ɗagawa da juyawa, ku karɓi dare ɗaya ƙanwarku ta yi barci. Na taɓa ce wa namu, Yaya ba kuɗi nake nema yau ba, barci nake nema, daga ranar duk daren Juma'a shi ke kwana a bakin ƙofarta.

Idan da hali ku ɗauki nas ko ma'aikaciyar lafiya ta kusa ta riƙa leƙowa sau biyu a mako, ta duba gyambo, ta canza robar fitsari idan akwai, ku yi tsada da ita tun farko kada kunya ta ɓata zumunci daga baya.

Wanda ya daina juya kansa, gyambon kwanciya ne ke jiransa, kuma yana shigowa da sauri fiye da yadda kuke zato. A juya shi duk bayan awa 2, dama, baya, hagu, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a tokare ƙafa yadda dugadugi ba sa taɓa katifa. Kullum wurin wanka ku duba ƙasan baya wajen ƙashin zama, da kwatangwalo, da dugadugi, da kafaɗa, da ƙeya. A baƙar fata ba lallai ku ga ja ba, wurin zai yi duhu ko ya yi sheƙi ko ya fi sauran jiki zafi, idan kun ga haka kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi kawai. Kada ku ja mutum ta hannu, musamman wanda ciwo ya shiga ƙashinsa, ƙashin na iya karyewa a hannunku. Ku ninka zani mai ƙarfi ku shimfiɗa ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe-gefe su ɗaga tare. Ledar shimfiɗa tana kare katifa amma a zafin Gombe na Maris da Afrilu dafa fata take yi, dole a ɗora zanin auduga a kai a miƙar da shi babu tattara, famfas kuma da ya jiƙe a cire, a wanke da ruwan ɗumi a tsane a shafa basilin ko man kaɗanya. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Gyambon Inna ya yi wari har jikoki suka fara tsayawa daga ƙofa, kuma ta lura, wannan ya fi ciwon ƙona mata rai. Nas ɗin nan ta koya mana wanke shi da dafaffen ruwa da ɗan gishiri, sannan a daka ƙwayar Flagyl a barbaɗa a kai kafin a rufe, cikin kwana kaɗan warin ya ragu sosai. Ku tambayi likitanku kafin ku yi. Muka kuma ajiye ɗanyen gawayi a kwano ƙarƙashin gado, da turaren wuta kaɗan idan an buɗe taga.

Abinci kuwa a nan na fi yin kuskure. Gani nake idan ta ci za ta tashi, sai na yi ta ɗura mata, farfesu, kunun gyaɗa, fura da kindirmo, har ranar da ta riƙe min hannu ta ce ke 'yar nan ki bar ni haka, na ƙoshi. Jiki ne ke rage buƙata da kansa, ba yunwa ce ke kashe su ba. A ba da kaɗan-kaɗan abin da ransa ke so, a zaune ko a jingine, a bar shi a haka kamar rabin awa bayan ya gama. Idan yana ƙwarewa da ruwa a koma abu mai ɗan kauri irin koko. Wanda ke cikin magagi kada a zuba masa komai a baki, huhu yake tafiya. Baki dai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta safe da yamma, a shafa mai a leɓe.

'Yan dubiya lada suke nema kuma zuwansu na da daɗi, amma mutum goma sha a ɗaki ɗaya ana hirar biki da tsadar masara, mai ciwo na son a canza masa famfas yana jin kunya, wannan ba dubiya ba ce. A sa tabarma a tsakar gida, a shiga bibbiyu, a gaisa a yi addu'a a fito. Kowa kuma zai zo da maganinsa. Tofi da zamzam da karatu a kusa da ita mun yi kuma ta ji daɗinsu ƙwarai. Amma jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, da mai maganin da zai ce a kawo dubu ɗari kaza zai cire ciwon, ku yi hattara, an sayar da gonaki a kan wannan.

Ku taimaka masa da ibadarsa. Idan ruwa na cutar da shi a kawo dutse ko ƙasa mai tsarki ya yi taimama, salla kuma hadisin Imrana ɗan Husaini ya sauƙaƙa, a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Idan gidan Kirista ne a kira fasto tun yana gane mutane. Kuma idan ya ɗauko zancen bashi ko wasiyya ko wanda yake son ya yafe masa, kada ku toshe masa baki da haba Baba ai za ka tashi. Ku ɗauko takarda da shaidu ku rubuta. Sau biyu Inna na ɗauko min zancen wani adashi da ke kanta ina kaucewa, Allah Ya sa a na uku na saurara.

Ke mai jinya, ki ci abinci, ki sa safar hannu wurin wanki da gyambo, ki durƙusa da gwiwa wurin ɗagawa don bayanki. Akwai daren da za ki ji haushi, ko ki ji a ranki gara Allah Ya ɗauke ta ta huta, sai kuma ki zauna kina kukan kin yi zunubi. Gajiya ce da tausayi, kusan duk wanda ya yi doguwar jinya ya ji haka. Ki faɗa wa wani, ki miƙa aikin ki fita ko gidan maƙwabta ne.

Idan kwana ya matso za ku ga barci ya yi yawa, an daina karɓar ko ruwa, hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ragu, numfashi na tsayawa ya dawo, wani lokaci da gargara a maƙoshi. Gargarar nan mu ta fi tayar wa hankali, a kwantar da shi a gefe kawai a ɗan ɗaga kai. A lokacin guduwa asibiti a keke napep don ƙarin ruwa sau da yawa wahala kawai take ƙara masa, ku kira likitan a waya ya ba ku shawara. Idan ya kasa haɗiye maganin ciwo ku tambaya yadda za a ci gaba da ba shi, kada a yanke haka kawai. A riƙa jiƙa leɓe, a rage hayaniya, masu kururuwa a fita da su, don ana kyautata zaton ji na daga cikin abin da ke tafiya a ƙarshe. Mutum ɗaya mai natsuwa ya zauna kusa da kunnensa yana faɗin kalmar shahada a hankali, ba a ce masa ka ce ba, idan ya faɗa a bar shi.

Bayan an share makoki, ragowar mofin a mayar da shi wurin da aka karɓo, kada a ajiye don wani ya yi ciwon baya. Keken marasa lafiya da fo da ledar shimfiɗa a wanke su da Jik a shanya a rana a ba gida na gaba. Namu keken yanzu yana Bolari wurin wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, na bi shi har gidan na nuna wa 'ya'yansa yadda ake juyi da zani.