Babi na Huɗu: Ramin Kwantar da Ruwan Titi

Darasi na 1

Iyayena da ƴan uwana, daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan sama yana wanke titunan Yamai, ya kwashi yashi da laka da ƙurar taya da baƙin mai, ya bi magudanai da kwarin Gunti Yena har ya faɗa kogi. A hanya yashin nan yake cike magudanai, ruwa ya rasa mafita ya shiga gidaje.

Kowa ya cika kwalba da ruwan titi, ya girgiza ta, ya ajiye a ƙasa, kada ya ƙara taɓa ta. Kafin ku ƙirga talatin, yashi ya kwanta a gindin kwalbar. Laka tana ɗaukar awoyi, jan ruwan da ya rage kuma yana iya kwanaki bai washe ba. Mai yana tasowa sama. Abin da kwalba ta yi shi ne ramin zai yi.

Darasi na 2

A haƙa rami inda ruwa yake sauka daga titi: tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Mita ɗaya kamar dogon taki ɗaya ne na babban mutum. A gine shi da bulo da siminti. A bakin da ruwa yake shiga a jera duwatsu domin su karya ƙarfinsa, a sa ragar ƙarfe ta tare leda.

Yanzu ga wurin da aka fi kuskure. Bututun fitar ruwa a SAMA ake sa shi, taƙin hannu ɗaya ƙasa da bakin rami, a bangon da ya fi nisa da mashiga. Ku duba kwalbarku: ruwa mai haske yana sama, datti yana ƙasa. Wanda ya sa bututu a ƙasa, dattin da ya kwanta shi zai fara fita. Ku maimaita tare da ni: bututu a sama, nesa da mashiga. In kun manta babu kunya, ku koma ga kwalba ta tuna muku. A ƙarshen bututun ta cikin rami a ɗaura gwiwa, wato lanƙwasasshen guntun bututu, mai kallon ƙasa, don man da ke yawo kada ya bi, amma bututun kansa yana nan a sama.

Bara na bi ramuka na ga bututu a gindi bayan na faɗi wannan sau da yawa. Haba jama'a! Siminti da kuɗi ake sayensa, kuma ku magidanta ne. Kada wanda ya kwaɓa siminti sai ya nuna mini da yatsa inda bututunsa zai zauna, a sama.

Darasi na 3

A rufe ramin da murfi mai nauyi saboda yara. Idan laka ta kai rabin mita, a kwashe ta da shebur, a kai ta inda ruwa ba zai maido ta ba. Kada ruwan da ya rage ƙasa da bututu ya wuce kwana 3 a ciki saboda sauro, a ɗebe shi.

Darasi na 4

Ruwan ramin ba na sha ba ne, ba na girki ba. A ba itatuwan inuwa.