Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saye da Kula da Kwamin Iyo na Kafawa a Bayan Gida

Kwamin iyo na kafawa, wato irin wanda ake ɗorawa a kan ƙasa ba tare da an haƙa rami ko an zuba kankare ba, yana zuwa ne a cikin kwali guda wanda mutum biyu za su iya ɗauka, kuma wannan rashin nauyin shi ne yake yaudarar mai saye. Abin da ke cikin kwalin bai wuce leda mai kauri da sandunan ƙarfe da ƙaramin injin ruwa ba, amma abin da mutum zai zauna da shi wata da watanni ruwa ne mai tsananin nauyi, wanda yake danna ƙasa dare da rana, yake kuma ɓaci da zarar an kawar da kai daga gare shi. Mafi yawan ɓarnar da ake gani ta samo asali ne daga yin lissafin kwalin a manta da ruwan.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a biya kuɗi, lokacin da ido ya faɗa kan mafi girma daga cikin masu araha. Lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya, saboda haka kwami mai zagaye da faɗinsa ya kai mita 4, zurfin ruwansa mita 1, yana ɗaukar kimanin lita 12,500, wato tan goma sha biyu da rabi. Idan aka ƙara mita ɗaya kacal a faɗin, ruwan zai haura lita 19,000. Lissafin ba shi da wuya: a ninka faɗi da faɗi, a ninka da zurfin ruwa, sannan a ninka da 0.785, abin da ya fito a sake ninka shi da 1,000 don a samu lita. Wannan adadi shi ne zai faɗa wa mutum yawan ruwan da zai nema, da ƙarfin injin da yake bukata, da maganin da zai riƙa zubawa kowane mako. Shi ne kuma dalilin da ya sa ba a kafa irin wannan kwami a kan baranda, ko rufin bene, ko saman ramin bayan gida, komai kyan wurin a ido. Wajen auna fili, a bar aƙalla mita ɗaya a kewaye domin wucewa da ajiye inji, a kuma nisanci bishiyoyi da wayoyin lantarki da suka ratsa ta sama.

Nau'o'in masu sauƙin kuɗi uku ne. Akwai mai zoben iska a baki, wanda ruwa ne da kansa yake ɗaga jikinsa. Yana da saurin kafawa, amma ko yaro ya jingina da bakinsa sai ruwa ya kwararo, kuma farcen kyanwa ya isa ya kwantar da shi. Akwai mai ƙafafun ƙarfe, wanda a ganina shi ya fi dacewa da yawancin gidaje. Sai mai bangon ƙarfe da ake shimfiɗa leda a cikinsa, wanda ya fi daɗewa amma ba a cika kwance shi ba in an kafa. Wanda ya san zai riƙa naɗe kwaminsa kowace shekara, bai kamata ya ɗauki na ukun ba.

Ƙasar da za a ɗora kwamin ita ce gaba da komai, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Filin da ido ya ce a miƙe yake sau da yawa yana da gangare, shi kuwa ruwa ba ya karkata don ya bi ƙasa, sai dai ya taru a ɓangaren da ya fi sauka ya matsa wa bangon wajen. Bambancin da ya wuce santimita biyu zuwa uku tsakanin gefe da gefe ya isa ya sa ƙafafun ɓangare ɗaya su ɗauki nauyin da ba nasu ba, su fara lanƙwasa, ɗinkin leda ya fara buɗewa. Hanya mai sauƙi ta gano gangare ita ce a kafa turke a tsakiya, a ɗora dogon katako miƙaƙƙe da ma'aunin magina a kansa, a zagaya da shi kamar hannun agogo. Idan an gano wajen da ya fi tudu, shi za a sassaƙe har ya sauko. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a kwaso yashi a cike wajen da ya yi ƙasa, domin ya fi sauƙi a ranar; amma sabon ciko yana nutsewa a ƙarƙashin nauyi, ruwan sama kuma yana wanke yashi daga gefe, ta yadda bayan 'yan makonni gangaren zai dawo, wannan karon da tan goma sha biyu a kansa.

Bayan an daidaita, a tsince duwatsu da saiwoyi, a cire ciyawa har tushe, musamman aya-aya, wadda tsininta yake iya huda leda daga ƙasa. A shimfiɗa tamfol ko tabarmar soso, a sa wa kowace ƙafa falalen dutse ko katako mai kauri, a binne shi ya yi daidai da fuskar ƙasa, ba a ɗora shi sama ba. Sannan a buɗe tiyo, amma kada a tafi a bar shi. Idan ruwa ya kai santimita biyu ko uku, a rufe, a shiga ba takalmi, a riƙa tura ninkin leda da tafin ƙafa daga tsakiya zuwa gefe, domin da zarar ruwa ya kai gwiwa babu mai iya motsa ninkin kuma, kuma a cikinsa datti yake taruwa. A wannan lokacin ne kuma ƙasa take faɗin gaskiya: in ruwan ya kwanta a gefe ɗaya ya bar ɗayan a bushe, to a zubar a gyara. Na taɓa ganin haka na ce ai ɗan kaɗan ne, na ci gaba da cikawa. Kwana tara bayan nan sai da na zubar da ruwan gaba ɗaya, ƙafafu uku sun riga sun karkace.

Injin da yake zuwa a cikin kwali shi ne wurin da masu ƙera kaya suke rage tsada, kuma yarda da shi ido rufe kuskure ne. Abin da ake so shi ne dukan ruwan kwamin ya ratsa matata aƙalla sau ɗaya a rana, cikin kimanin awa takwas. Injin da aka rubuta wa lita 2,000 a awa zai juya lita 12,500 cikin awa shida da 'yan mintuna a takarda, amma wannan adadi ba ya lissafa tirjiyar tiyo da matatar da ta fara toshewa, don haka aikinsa na zahiri ya gaza haka. Wasu kuma sukan ƙara wa matsalar ta hanyar kunna injin awa biyu kawai don tsimin wuta, ruwan ya kwana a tsaye. Matatar takarda tana bukatar a ciro ta bayan kwana biyu ko uku, a buɗe ninkinta ɗaya bayan ɗaya a fesa ruwa daga sama zuwa ƙasa, a kuma sauya ta bayan kimanin mako biyu idan ana yawan shiga. In an wanke ta amma ta ci gaba da santsi a hannu, maiƙon jiki ya riga ya toshe ta. Ga kwamin da ya haura lita 10,000, matatar yashi ita ce ƙarin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi, domin ana wanke ta ne ta hanyar juya ruwa baya, yashinta kuma yana yin shekaru.

Sai maganin ruwa, inda ake yawan aiki da ido da hanci maimakon gwaji. Ruwa yana iya yin garau alhali babu ɗigon kulorin a cikinsa. Ƙarfin warin da mutane suke ɗauka alamar kulorin ya yi yawa, galibi akasin haka yake nunawa: warin yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari ya zama wani sinadarin da yake sa ido ja, wanda maganinsa shi ne a ƙara kulorin da yawa lokaci guda, a hana shiga har ya sauko. 'Yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa sun isa ga ƙaramin kwami, muddin ana amfani da su kullum ko bayan kwana biyu. Ana son kulorin ya tsaya tsakanin 1 zuwa 3 a ma'aunin ppm (wato kashi nawa ne cikin miliyan na ruwan), ma'aunin tsami kuma, wato pH, tsakanin 7.2 zuwa 7.8. Dole a fara gyara pH kafin a ƙara kulorin, saboda a 7.5 kusan rabin kulorin ne yake cikin siffarsa mai kashe ƙwayoyin cuta, a 8.0 kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ne ya sa wani zai yi ta zuba magani ruwa yana ƙara yin kore.

Akwai wani tarkon da ba a gane shi sai an daɗe. Hasken rana yana cinye kulorin cikin 'yan awoyi, shi ya sa ake zuba shi da yamma, shi ya sa kuma ƙwayoyin kulorin masu narkewa a hankali suke ɗauke da sinadarin kariya mai suna sayanurik asid. Kulorin yana ƙarewa, amma wannan sinadarin ba ya tafiya, taruwa yake yi da kowace ƙwaya. Tsakanin 30 zuwa 50 ppm yana da amfani. In ya yi yawa sai ya daƙushe kulorin ɗin da yake karewa, kuma gyaransa shi ne a zubar da wani kaso na ruwan a ƙara sabo. Ƙwayoyin nan ba a jefa su kai tsaye a ƙasan kwami, domin suna kore launin leda su busar da ita har ta tsage. A sa su a cikin 'yar robar da take yawo a saman ruwa. Ba a haɗa nau'in kulorin biyu a mazubi ɗaya, domin suna iya kamawa da wuta ko su fashe, ba a kuma haɗa kulorin da asid, domin iskar da za ta tashi guba ce. Magani ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan magani ba.

Idan gari ya waye bangon kwami ya yi santsi, gansakuka ce ta fara kama, ko da launi bai sauya ba tukuna. A goge bango da ƙasa da buroshi mai laushi, a gyara pH, a zuba kulorin mai yawa da yamma, a bar inji yana aiki ba tsayawa, ana wanke matata a kai a kai har ruwan ya washe. Amma in ruwan rijiya aka cika da shi, ya koma ruwan ƙasa jim kaɗan bayan zuba kulorin, to wannan ƙarfen da ke narke a cikin ruwan ne, ƙarin kulorin ba zai gyara shi ba, tacewa yake bukata da maganin kama ƙarfe. Kulorin ma yana da iyaka: ƙwayar cutar gudawa mai suna kiriftosporidiyam tana rayuwa fiye da mako guda a ruwan da aka sa wa magani daidai, don haka mai zawo ba ya shiga, babba ne ko yaro.

Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne ɗaukar tsayin bango a matsayin kariya ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A watan Yulin 2025, hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta sanar da kiranyen kwamin kafawa kimanin miliyan biyar, wato ta ce suna da haɗari sai an yi musu gyara, saboda maɗaurin da ya zagaye su ta wajen ƙafafu ya zama matakala ga ƙananan yara, inda tara suka rasu tsakanin 2007 da 2022. Yaro yana nutsewa ne shiru, ba ihu ba fantsama. A cire tsani duk lokacin da aka fito, a janye kujera da bokiti da shi kansa injin daga jikin bango, a kwashe kayan wasa daga ruwa, a kewaye kwamin da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta. Idan yara suna ciki, a ayyana babba ɗaya wanda aikinsa kallo ne kawai, ba tare da waya a hannu ba. Ba a yin alkafura ko tsunduma da ka a ruwa mai wannan zurfin, domin karyewar wuya ce. Injin kuma a jona shi ta na'urar da take katse wuta idan ta fara zurara, ba ta doguwar wayar da aka ja a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, kuma in takardar injin ta ce a kashe shi lokacin da mutane suke cikin ruwa, a kashe.

Idan ruwa yana raguwa, kada a yi saurin cewa huda ce. A cika bokiti, a ajiye shi a kan matakin tsani a cikin kwamin, a yi alama a ciki da waje, a duba washegari. In ruwan kwami ya fi na bokiti sauka, akwai yoyo. Ana liƙe ƙaramar huda da facin leda ko a ƙarƙashin ruwa, amma a yanke facin ya zama zagaye, domin kusurwa ce take fara ɓallewa. Marufi yana rage ƙura da ƙafewar ruwa, sai dai ruwan saman da ya taru a kansa yana iya ƙyanƙyashe sauro cikin mako guda ko kwana goma in ba a kwashe ba.

Ranar kwancewa ma tana da nata kurakuran. A daina zuba magani kwanaki kafin lokacin don kada ruwan ya ƙona shuke-shuke, a ja tiyo nesa da harsashin gini da katangar maƙwabci, a bar shi ya zuba a hankali. A wanke ledar, a shanya ta har ta bushe ƙayau ciki da waje, domin ɗan danshin da ya rage a ninki zai sa ta yi funfuna ta manne da juna. A goge sandunan, a shafa fenti a duk inda tsatsa ta ɓullo, a tsiyaye injin gaba ɗaya, musamman a wuraren da ruwa yake daskarewa ya fasa roba. Ledar kuma a sa ta a cikin mazubi mai murfi, ba kwalin da ta zo a ciki ba, domin ɓera yana ratsa kwali a dare ɗaya.