Yadda shugaba zai tsira da mutuncinsa bayan ambaliya

Idan Gulbin Maraɗi ya cika ya rushe gidajen laka, shugaba ya iso cikin kwana biyu, ya taka taɓo da ƙafarsa. Jawabin talabijin daga Yamai ba ya tayar da katanga.

Ƙidayar waɗanda abin ya shafa a yi ta gida-gida tare da masu unguwanni, a liƙa sunayen a bainar jama'a kafin a sauke buhu ko ɗaya. A nan ake yawan faɗuwa: gero da gidan sauro su ɓulla a kasuwa, magana ta koma kan shugaba. Zargin karkatar da taimakon fari na cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar da ya kifar da shugaban Nijar Diori Hamani a juyin mulkin 1974.

Waɗanda aka tsugunar a azuzuwa kuma, a ba su fili kan tudu kafin a koma makaranta.