Kurakuran da aka fi yi wajen binciken kasuwa a Sakkwato, da hanyar gyara su

Wani ƙanena da ke sana'ar kunun aya na gora ya tura tambayoyi ta Google Forms, wato fom na intanet, zuwa zaurukan WhatsApp, yana son sanin ko jama'a za su sayi babbar gora idan ya ɗan ƙara mata kuɗi. Kusan duk wanda ya amsa ya ce zai saya. Ya ciwo bashi ya ƙara firiza, amma manyan gorunan suka yi kwantai, ƙananan kuwa ba sa kaiwa azahar. Ina tsaye ranar da ya tuttular da kunun da ya yi tsami a kwata, kuma tun daga lokacin nake lura da cewa sababbin kayan bincike sun sauƙaƙa tambaya, amma ba su sauƙaƙa samun gaskiya ba.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar maganar baki a matsayin ciniki. Mutanenmu masu kara ne, kuma da wuya wanda ya san ka ya dubi idonka ya ce kayanka ba su yi ba. Zai ce “Allah ya sa albarka”, kai kuma ka rubuta shi cikin masu saye. Gyaran shi ne a daina tambayar abin da mutum zai yi, a tambayi abin da ya riga ya yi: yaushe ya sayi irin wannan kaya na ƙarshe, a wurin wa, nawa ya biya, kuma daga aljihun wa kuɗin suka fito. Abin da ya fi wannan ma shi ne gwaji na zahiri, wato a kai kaya kaɗan shago biyu, ɗaya a Mabera ɗaya a Tsohuwar Kasuwa, a ga abin da hannu zai ɗauka. Ko manyan kamfanoni sun faɗa wannan rami. A 1985 kamfanin Coca-Cola a Amurka ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000, amma bai cika wata uku ba ya dawo da tsohon, domin gwajin ya auna harshe ne kawai, bai auna shaƙuwar mutane da abin da suka saba da shi ba.

Sai batun su wane ne suka amsa. Tambayoyin intanet sun fi isa ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ma'aikata da matasa masu babbar waya, alhali a gidaje da yawa mai zaɓen sabulu da kayan miya da atamfa tana cikin gida, yaro take aikawa, ko kuma ta jira dillaliya. A ganina dillaliya ɗaya mai shekaru tana shiga gidaje ta fi amsoshin waya ɗari sanin launin da mata ke so da kuma lokacin da kuɗin adashi ke fitowa. Saboda haka a ɗauki mata masu tambaya, a nemi izinin mai unguwa da na maigida kamar yadda aka saba, kuma a yi amfani da manhajar tattara amsoshi irin KoboToolbox wadda ke aiki ko babu intanet, ta yadda za a iya kaiwa Wurno ko Gwadabawa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23, kuma ra'ayin cikin gari ba shi ne na dukkansu ba.

Harshen tambayar ma yana ɓata sakamako. Idan an rubuta ta da Turanci aka juya ta a gurguje, takan zo da Hausar da ba a yi a nan. Haka kuma manhajojin da ke mayar da murya rubutu sukan rikice da Sakkwatanci, inda ake cewa “shina” maimakon “yana”, don haka sai Basakkwace ya sake sauraron muryoyin da kunnensa kafin a dogara da su.

Akwai kuma masu yin bincike sau ɗaya su riƙe shi kamar ba ya tsufa. Wanda ya auna cinikin abin sha mai sanyi a watan Afirilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko kuma cikin azumi, zai yi kuka da hunturu. Shekarar 2023 kaɗai ta ishe mu misali: ƙarancin takardun naira a farkonta, cire tallafin man fetur a watan Mayu, sannan rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, wanda ya durƙusar da hada-hadar Illela da Birnin Ƙonni. Bayanan da aka tara kafin waɗannan abubuwa sun tashi daga aiki. A riƙa rubuta ranar da aka yi kowane bincike, a maimaita shi da rani da damina da kaka, kuma a kwatanta shi da farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa.

Lambobin wayar da aka karɓa amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Kada a mayar da su hanyar talla ba tare da yardar masu su ba.

Wasu 'yan kasuwa yanzu sun dogara kacokan da bayanan na'urar POS. Tana da amfani, sai dai ba ta ganin wanda ya biya da tsabar kuɗi, ba ta ganin littafin bashi, kuma ba ta san wanda ya taya ya tafi ba. Maganin wannan shi ne littafi na makaranta a ajiye kusa da aljihun tebur, yaron shago ya riƙa rubuta duk abin da aka nema babu da duk farashin da aka taya aka fasa. Ƙanena ya fara yin haka, kuma cikin mako uku littafin ya nuna masa cewa abin da ake yawan tambaya shi ne kunun da ba a cika wa sukari ba.