Jam'in mutane a Turanci: inda ake yawan tuntuɓe

Masu shirin WAEC da NECO, ku kula, ba kowane suna ake liƙa wa s ba. Man ya koma men, woman women, child children. Tunda children jam'i ne, childrens kuskure ne, sai dai in mallaka ake nufi, a rubuta children's.

People ma jam'i ne, don haka people are za a ce, ba people is ba. Haka police are. Peoples kuwa akwai ta, amma tana nufin al'ummomi daban-daban.

Policeman ya bi man, ya zama policemen. German da human kuwa Germans da humans ne, domin man ɗin ƙarshensu ba kalmar namiji ba ce. Surukai mata kuma mothers-in-law, s ɗin a jikin mother.